Amfilifaya daga kayan gwangwan: nazarin wani aiki da aka yi a Agege

Duk tsohuwar rediyon katako da ta faɗa hannun 'yan gwangwan a Legas, makomarta guduma ce. A fasa akwatin, a ɓalle taransifoma a warware jan ƙarfen da ke ciki a ɗora a sikeli, ƙarfen shasi, wato tiren da aka ɗaure kayan cikin a kai, ya tafi tsibinsa, kwalaben gilashi kuwa a share su da tsintsiya tunda ba mai sayensu da kilo. Sana'ar ta awo ce, abin da ba ya hawa sikeli ba ya shiga lissafi, kuma ba wanda zai ga laifin mai neman abincinsa. Sai dai a irin wannan rediyo, abubuwan da guduma ke fara hallakawa su ne mafiya wuyar samu, kuma su ne shekara sittin ba ta cika yi wa illa ba.

Rediyon da wannan nazari ya shafa ta tsira ne saboda wani matashi ɗan Katsina mai shagon gyaran amfilifaya da lasifikokin masallatai a Agege, wanda unguwa ke kira Injiniya. Ya je neman tsoffin lasifikoki a wani filin gwangwan kusa da Owode Onirin, kasuwar ƙarafan nan ta kan hanyar Ikorodu, ya tarar da ita a jingine tana jiran layi ya zo kanta. Ya biya mai filin abin da ya ɗara kuɗin jan ƙarfen cikinta, ya ɗauko. Niyyarsa ya fitar da ƙaramar amfilifaya mai bawul daga jikinta, mai layin sauti ɗaya, wadda zai jona wa wayar hannu ya riƙa sauraron karatu da labarai a shago. Shagona yana kallon nasa, ni ne na riƙa rubuta awon da ake yi a littafi, kuma daga littafin ne lambobin da ke nan suka fito.

Ga wanda ya tashi a zamanin taransista, bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai hita mai gasa wani siririn bututu da ake kira katod, idan ya yi zafi sai ya riƙa sakin wuta tana tsallakawa zuwa farantin ƙarfe da ke kewaye da shi. Tsakanin su biyun akwai ragar waya, kuma 'yar siginar da aka ɗora wa ragar ita ke ƙayyade yawan wutar da za ta tsallaka. A nan ƙarin ƙarfin sauti yake. John Ambrose Fleming ne ya yi bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa raga a Amurka a 1906. An ƙirƙiro taransista a 1947, amma ta daɗe ba ta kori bawul daga falo ba. Lokacin da BBC ta fara watsa shirye-shiryen Hausa a 1957, da lokacin da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, manyan rediyoyin gidajen masu hali irin su Grundig da Philips da Pye da Telefunken da bawul suke aiki.

Abin da aka ɗauka da abin da ya kamata a zubar

Tambarin rediyon ya riga ya ɓace, amma rubutun da ke bayanta na Jamusanci ne, kuma bawul bakwai ne a ciki: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EM84, EZ80 da EL84. Injiniya bai taɓa aiki da ko ɗayansu ba, saboda haka ya tafi Idi-Araba wurin wani tsoho da ya yi gyaran rediyo tun yana saurayi. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, amma lambobin nan suna kansa daram. Shi ya karanta masa haruffan: E na farko yana nufin hitar bawul ɗin bolt 6.3 take ci, L bawul ne na fitar da sauti, C na ƙara ƙaramar sigina, Z na miƙar da wuta, wato mai da wutar bango mai kai-kawo ta riƙa bin gefe ɗaya. Ya kuma ja masa kunne a kan waɗanda suka fara da U ko P. Waɗannan hitocinsu a jere ake haɗa su, kuma galibi daga rediyo ko talabijin marasa taransifomar wuta suke fitowa, irin waɗanda shasinsu ke haɗe da wutar bango kai tsaye. Irin wannan shasi ba abin da za a gina amfilifaya a kansa ba ne, domin taɓa shi kawai yana iya zama ajali.

Da Injiniya ya tambaye shi, "Baba, me zan cire, me zan bari?" amsar gajera ce: "Ɗana, ɗauki ƙarfe da gilashi, ka zubar da takarda da gawayi." Ƙarfe shi ne taransifomomin biyu, ta wuta da ta sauti, da shasi, gilashi bawul-bawul. Takarda kuwa tsoffin kafasitoci ne, masu riƙe caji, da aka naɗe da takarda da kakin zuma, gawayi kuma tsoffin rezistoci, masu rage gudun wuta. Wani kaso babba na wahalar da ta biyo baya ya samo asali ne daga wuraren da ba a bi wannan magana sau da ƙafa ba.

An fara da taransifomomin. An shanya su a rana sai da laimar da suka sha ta fita, sannan aka duba da mita cewa babu naɗin da ya tsinke, babu kuma wanda ke taɓa ƙarfen jiki. Ta wutar tana da naɗin bolt 250 gida biyu da naɗin hita. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a yi amfani da taransifomar na'urar ɗumama abinci tunda suna nan birjik a gwangwan. Wannan shawara ce ta kisa: irin wannan taransifoma tana fitar da kusan bolt 2000, kuma ba ta ba mutum damar gyara kuskurensa.

Taransifomar sauti ta fi buƙatar natsuwa, don babu rubutu a jikinta. Injiniya ya ɗauko wuta daga naɗin hita, wadda mita ta nuna bolt 7.2, ya ba naɗin farko, ya auna naɗi na biyu ya samu 0.2. Wato 36 ga 1. Idan aka ninka 36 sau 36 za a samu 1296, a ninka da ohm ɗin lasifika a ga nauyin da bawul zai ɗauka. Da lasifika mai ohm 4 ya kama 5184, wanda ya yi daidai da 5200 ɗin da EL84 ke so. Da mai ohm 8 kuwa ya haura 10,000, sautin zai ragu sosai. Lasifikar rediyon kyankyasai da laima sun cinye takardarta, saboda haka aka haɗa biyu masu ohm 8 kafaɗa da kafaɗa suka ba da 4. Wancan 7.2 ɗin kansa gargaɗi ne, amma a ranar hankalin kowa yana kan lissafin 36.

A cikin bawul-bawul ɗin, EZ80 ya riga ya mutu. Kowane bawul mai rai yana da tabo mai ƙyallin azurfa a cikin gilashinsa, wanda ke shanye ragowar iska. Na EZ80 ya koma fari fat, alamar gilashin ya tsage iska ta shiga. EL84 kuwa tabonsa na ƙyalli. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan bawul a 1953, a Amurka ana kiransa 6BQ5, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi nata mai suna 6P14P. Shi kaɗai, a kan bolt 250 da miliamfiya 48, yana iya ba da wat 5.7 idan aka matse shi iyaka. Ƙa'idoji biyu ne ba a tsallake masa: kada farantinsa ya wuce bolt 300, kada zafin da yake sha ya wuce wat 12. Don ƙara sigina kafin ta isa EL84, an samo ECC83 daga gawar wata tsohuwar amfilifayar masallaci da ta daɗe a sito.

A madadin EZ80 aka sa diyod 1N4007, 'yan kayan miƙar da wuta na zamani, biyu a jere a kowane gefe saboda wutar da ke dukansu ta baya tana haura bolt 700. Manyan kafasitocin tace wuta sababbi aka sayo a kasuwar Alaba, masu maikurofarad 47 da jure bolt 450. An kuma ɗaura rezista mai ohm 220,000 a kansu don ta riƙa sauke cajin bayan an kashe. Wannan 'yar rezista ba ta ƙara wa sauti komai, amma kafasita mai bolt 350 tana riƙe wutarta bayan an zare fulogi, kuma wannan wuta tana kisa. Ko da rezistar, ƙa'idar shagon ita ce ba a sa hannu sai mita ta nuna wutar ta sauka, kuma idan ana awo amfilifaya na kunne, hannu ɗaya yana aljihu.

Ranar da faranti ya yi ja

Kunnawar farko an yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai wat 60, irin na da mai zare a ciki, wanda aka jona a jere da wayar wuta. Idan akwai wurin da wayoyi suka haɗu ba bisa ƙa'ida ba, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, ba abin da zai ƙone. Samun irin wannan ƙwai yanzu sai an tona, kuma na zamani marasa cin wuta ba sa yin wannan aiki. Ƙwan ya yi walƙiya ya dushe, hitoci suka kama, can sai ga murya ta fito daga lasifika. Yaran shago suka yi ta murna.

Da aka cire ƙwan aka jona kai tsaye, ba a jima ba wari ya tashi, sautin ya fara shaƙewa, sai ga gefen farantin EL84 ya yi jajir. Injiniya ya kashe nan take. Hukuncinsa na farko shi ne bawul ɗin ya lalace, har ya fara tambayar inda zai samo wani. Haka kusan kowa ke yi, tunda bawul shi ne abin da ake gani yana haske, shi ne kuma ake iya zarewa da hannu. Baba da aka kira shi a waya bai yarda ba. Ya ce, "Kafin ka kashe kuɗi, auna mini ƙafa ta 3 da ƙafa ta 2, ka yi sauri ka kashe."

A gindin EL84, ƙafa ta 3 ita ce katod, kuma tsakaninta da shasi akwai rezista mai ohm 150. Wutar da ke kan wannan rezista ita ke faɗin abin da bawul ke sha: a raba bolt da ohm. Ya kamata a ga kusan bolt 7.5, wato miliamfiya 50. Mita ta nuna 13.5, wato 90. Ƙafa ta 2 ita ce raga, wadda ya kamata ta zauna a sifiri. Mita ta nuna bolt 4. Ba ta da inda za ta samo wannan wuta sai ta kafasitar da ke ɗauko sauti daga farantin ECC83, wadda aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare miƙaƙƙiyar wuta. Wannan kafasita tsohuwa ce ta takarda daga cikin rediyon. Injiniya ya bar ta da gangan, domin ya sha jin ana cewa tsoffin kafasitoci su ke ba da zaƙin sauti.

Wannan magana ta zaƙi ta jawo asarar bawul da taransifoma masu yawa, kuma ban ga dalilin sassauta mata ba. Takardar da ta shekara sittin tana shan laima, balle laimar Legas mai gishirin teku, ta daina tare wuta. Abin da ya sa ake ruɗuwa shi ne ƙaramar mita ba ta kama ta: batirin mita bai wuce bolt 9 ba, a nan kafasitar tana nuna lafiya lau, sai an ɗora mata bolt 150 sannan yoyonta ke bayyana. An cire ta aka sa sabuwa mai jure bolt 630, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Raga ta koma sifiri.

Amma da sauran rina a kaba. Katod ya sauko ne zuwa bolt 11 kawai, wato miliamfiya 73, kuma ko da jan bai fito fili da rana ba, da aka rufe ƙofa shagon ya yi duhu ana hango shi. Da aka auna babbar wuta, wato wadda ake ba farantin bawul, sai aka ga tana kusan bolt 360. Idan aka cire abin da raga ta biyu da ke cikin EL84 ke sha da abin da ke faɗuwa a hanya, farantin yana shan kusan wat 21, alhali iyakarsa 12.

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko diyod. EZ80 yana cinye bolt masu yawa a cikinsa, kuma da wannan asara aka tsara rediyon tun asali. Diyod na zamani bai cin ko bolt ɗaya cikakke, saboda haka bolt 250 mai kai-kawo yana komawa kusan 350 idan aka miƙar da shi. Na biyu yana bayan shasi, wani ɗan maɓalli mai juyawa da ke zaɓen wutar ƙasar da aka kai rediyon. Yana kan 220. Wutar Najeriya a ƙa'ida 230 ce, kuma a wannan rana mita ta nuna 240 a bangon shagon. Komai da ke fitowa daga taransifomar ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, har da hita, wadda ke kan 6.9 maimakon 6.3. Abin da 7.2 ɗin farko yake faɗa ke nan. Ƙwan fitila ne ya rufa wa matsalar asiri a kunnawar farko, domin yana cinye wani kaso na wutar kafin ta isa taransifoma.

An juya maɓallin zuwa 240. An sa rezistoci biyu masu ohm 680 da jure wat 5 a jere a hanyar babbar wuta, kowace da kafasitarta a baya, suka sauke kusan bolt 75. Katod ya zauna a 7.5, farantin yana shan kusan wat 11, hita ta dawo 6.3. EL84 ɗin da aka so a jefar shi ne har yanzu a cikin amfilifayar.

Ƙugi, bugu da kururuwa

Bayan zafi sai ƙugi, kuma shi ya fi cin rai, don ba ya ƙona komai, sai dai ya hana jin daɗi. Abin da ya taimaka shi ne gane cewa ba ƙugi ɗaya ba ne, kuma kowanne yana da alamarsa.

Na farko yana fitowa ne da zarar an kunna, tun kafin bawul ya yi zafi. Bawul mai sanyi ba ya wuce da komai, saboda haka wannan ƙugi ba ta cikinsa ya bi ba. Taransifomar wuta ce ke hura maganaɗisunta cikin ta sauti, don an ɗaure su kusa da juna suna fuskantar gefe ɗaya. Injiniya ya kwance ta sautin, ya ƙara mata tsawon waya, ya riƙa juya ta a hankali da sanda yana saurare, har ya sami inda ƙugin ya mutu. Wurin ya kama can ƙarshen shasi, a gicciye da ta wutar. Sai da aka huda sababbin ramuka.

Na biyu yana zuwa bayan bawul ya yi zafi. An sa manhajar auna sauti ta waya a bakin lasifika. Wutar bango tana kai-kawo sau 50 a daƙiƙa, idan aka miƙar da ita ta gefe biyu ragowar rawarta tana komawa 100. Saboda haka ƙugi mai 100 na babbar wuta ne da ba a tace sosai ba, mai 50 kuwa na hita ne ko na wayar sigina da ke kwasar abin da ke kusa da ita. Rezistocin 680 da kafasitocinsu sun riga sun kashe mai 100. Wanda ya rage mai 50 ne, kuma da aka zare ECC83 sai ya ɓace. Wayoyin hita an ja su ne a sake, sun bi ta gefen ƙafar raga. Aka murɗe su tamau aka kwantar da su a kusurwar shasi nesa da sigina, aka kuma sa rezista mai ohm 100 daga kowane gefen hita zuwa shasi. An tattara duk wayoyin da ke komawa shasi a wuri guda maimakon kowace ta kama inda ta ga dama.

A wannan aiki ne aka lura shasin yana ɗan cizon bayan hannu. Shagon, irin gine-gine da yawa a unguwar, soket ɗinsa rami uku ne amma waya biyu ce a ciki. Aka kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi bayan shagon, aka ja wayar ƙasa zuwa soket, aka ɗaure shasi da ita, aka sa fis a hanyar shigowar wuta. Amfilifaya mai jikin ƙarfe da bolt 340 a ciki ba ta da wurin zama a gidan da babu wannan waya.

Da aka ƙara murya kuma sai wani bugu ya taso, but-but-but, kamar babur da aka bari a sulo. ECC83 bawul biyu ne a kwalba ɗaya, Injiniya ya yi amfani da duka biyun a jere don ya sami ƙarfi. Kowane ɗaya yana ninka sigina kusan sau 50 zuwa 60, alhali wayar hannu tana fitar da kusan rabin bolt, EL84 kuma bolt 4 da 'yan kai kawai yake buƙata ya cika. Ƙarfin ya yi yawa, har motsin da EL84 ke yi wa babbar wuta yana komawa matakin farko ya sake zagayowa. Aka cire rabi ɗaya daga aiki, bugun ya tsaya, ragowar ƙugin ma ya ƙara raguwa. Daga nan aka ja rezista daga wayar lasifika zuwa katod ɗin ECC83 don ta rage murɗewar sauti, amfilifaya ta fasa kururuwa, aka musanya wayoyin naɗi na biyu, ta yi shiru.

Wani abu guda da ya kusa jawo babbar asara: wani yaron shago ya zare wayar lasifika amfilifaya na kunne da murya a sama, don ya gwada wata. Amfilifayar taransista ba ta damu da haka ba. Mai bawul kuwa, idan ba lasifika, wutar da ke taransifomar sauti tana yin tsalle har ta huda rufin naɗin. Allah ya kiyaye, an kashe da wuri. Aka liƙa rezista mai ohm 220 a bakin fitar sauti don ko an sake, taransifomar ba za ta zauna ba kaya gaba ɗaya ba.

Abin da damina ta tono

Amfilifayar ta yi aiki lafiya har ruwan Yuni ya sauka. Daga nan ta fara ƙaras-ƙaras da safe, wani lokaci sautin ya ɗauke ya dawo. Nan ma an fara zargin ECC83, don idan aka ƙwanƙwasa shi ƙarar tana tashi. Amma da aka zare shi aka duba soket ɗinsa, wanda shi ma daga rediyon aka ciro, ramukan sun yi kore-kore, bakinsu ya saki. Ƙwanƙwasar soket ɗin take girgizawa. Aka goge ƙafafun bawul, aka wanke ramukan da sinadarin wanke maɓallai, aka matse su da tsinken allura. Rabin ƙarar ta tafi.

Ragowar rabin tana jikin rezistar farantin ECC83. Launukan jikinta suna cewa ohm 100,000, mita ta ce 170,000, kuma idan aka hura mata iska mai ɗumi lambar tana yawo. Irin rezistar nan garin gawayi ne da aka dunƙule, yana shan laima ya kumbura, ƙimarsa ta riƙa hawa. Ita ce gawayin da Baba ya ce a zubar. Da aka bi sauran tsoffin da aka bari, kusan duka sun kauce. Aka sauya su gaba ɗaya a zama ɗaya. Tun daga nan, a lokacin damina Injiniya yana kunna amfilifayar kullum ko da na ɗan lokaci ne, don zafinta ya kori danshi.

Matsalar da ba a iya magancewa daga cikin shasi ita ce wutar da ke shigowa. Idan ta faɗi zuwa 190, hita tana sauka kusan bolt 5, sautin ya dushe ya shaƙe, kuma bawul ba ya son aiki da katod mai rabin zafi. Ƙaramin janareta ya fi muni. Idan aka kashe wani abu mai nauyi a layin, wutarsa tana yin tsalle, idan kuma injin ya sassauta gudu kai-kawon wutar ya kasa sau 50 a daƙiƙa, tsohuwar taransifomar tana ɗaukar zafi tana gurnani. Yanzu amfilifayar tana bayan sitabilaiza, da 'yar mita a bango, kuma ba a jona ta da ƙaramin janareta.

Game da sakamako, gara a faɗi gaskiya. Sauti mai tsabta da take bayarwa bai wuce wat 3 zuwa 4 ba, tana kuma cin kusan wat 30 daga bango ko ana magana ko an yi shiru. Ɗan allon amfilifaya na zamani da ake sayarwa a Alaba ko Computer Village ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya zafi, yana aiki da batir. Wanda ke neman abin kiran salla ko na taron biki ba wannan zai nema ba. A ɗaki ɗaya kuwa, da lasifikoki masu saurin amsawa, muryar mai karatu tana fitowa cike, ba ta soka kunne, kuma idan aka matsa mata tana shaƙewa a hankali maimakon ta fashe. Wani ɓangare na wannan daɗin murɗewa ce da kunne ke so, ba wani sirri ba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne abin da ya faru da yaran shagon. Gyaran da suka saba shi ne a cire allo a sa allo. A wannan amfilifaya kayan ba su kai talatin ba, kowanne ana ganinsa, ana iya ɗora masa mita a tambaye shi. Ƙaramin cikinsu, wanda bai gama sakandare ba, yanzu idan ya ga bolt a kan rezista yana raba shi da ohm a ka ya faɗi wutar da ke wucewa, kuma ya fara yin haka a amfilifayoyin masallatai da ake kawowa gyara kafin ya taɓa komai.

Akwai sauran aiki. An yi mata murfin ragar ƙarfe a sama saboda gilashin EL84 yana ƙona yatsa, an rufe ƙasan da faranti mai ramukan iska saboda yara na shigowa shagon. Layi na biyu yana jiran a sami taransifomar sauti mai 36 ga 1 irin ta farko, da kuma taransifomar wuta da ta fi wannan ƙarfi, don wannan ba za ta ɗauki EL84 biyu ba. Shi kuma bawul ɗin da ya sha wat 20 da ɗoriya a kwanakin farko, ba mamaki abin ya rage masa kwana. Ana auna katod ɗinsa farkon kowane wata idan wutar bango ta daidaita, a rubuta a littafi. Yana tsakanin 7.3 da 7.5. Baba ya ce ranar da ya sauka ƙasa da 6 a nemi wani, kuma har yau ana ƙera sabon EL84 a Sulobakiya da Rasha da Sin.